Gayya a Gonar Haki

Litinin, 23 ga Agusta, 1993, bayan La'asar

An ba Malam gado a asibiti yau, na kusa da taga. Tun da hantsi muka baro Argungu a motar ofishinsu ta malaman gona, don tasha babu mota, babu mai. Ni da Inno, mahaifiyarsa, mun sauka a unguwar Badariya, gidan ƙanensa Dikko. Hedimasta ya ce in zauna da mijina, za a raba ajina.

Likita ya ɗaga hoton ƙirji ya duba, ya faɗi abin da ya faɗa. Ba zan rubuta shi ba.

Ana gama ɗaura masa ruwa, maganar farko da Malam ya yi ita ce wa zai riƙa leƙa masa fili. Bai tambayi gida ba, bai tambayi awakina ba. Na ce ciyawa ce, ba ta buƙatar mai jinya. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Laraba, 25 ga Agusta, da hantsi

Yana barci, bari in rubuta zancen filin nan, ko hannuna ya sami abin yi.

Gonar gado ce a bakin fadama. Damina ta uku ke nan Malam bai shuka mata ko ƙwayar gero ba. Duk inda aiki ya kai shi sai ya dawo da aljihu cike da irin ciyawa, ni ke wahalar wankin. Gamba, kyasuwa, tafasa, ɗoɗɗoya, yaɗiya, har tumfafiya da kowa ke sarewa. Ya watsa, ya bar su. Dalilinsa shi ne masu irin albasa na kukan kan albasa yana fitowa fanko, ba iri a ciki. Shi kuwa ya ce ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da sauran ƙwarin da ke bin fure ne suka rasa wurin ci da wurin fakewa, tunda an nome ko'ina an fesa magani. In babu mai bin fure, babu iri.

Bana ne ciyawar ta kama ƙasa sosai. Nufinsa in irin ya nuna cikin Oktoba a tara, a ba kowane manomi ya watsa a iyakar gonarsa. Abin da yake jira ke nan, kuma abin da ya sa yake ƙirga watanni da yatsu in yana zaton ba na kallonsa.

Kowace Asabar da yamma yakan tara mutane a gindin tsamiya ya yi musu bayani. Ni na zana masa kwalin da yake nunawa. Baba Tamba, abokin marigayi mahaifinsa, wanda gonar shinkafarsa ke jikin filin, ya ce zumar da na zana ta fi kama da fara. Shi ne kuma kullum cikin ƙorafi, wai filin zai tara masa macizai da tsuntsayen jan-baki. Sauran sukan gyaɗa kai su ce Allah ya ba da sa'a. Malam ya dawo gida yana murna wai sun gane. Ni dai da nake koyar da yara na san irin wannan gyaɗa kan.

Jumma'a, 27 ga Agusta, bayan Azahar

Yau jiha ta cika shekara biyu, rediyon maƙwabcin gadonmu sai kiɗa yake. Malam ya sha kunu rabin kofi. Ya tambayi fili. Na ce lafiya lau.

Lahadi, 29 ga Agusta, da yamma

Wani malam-buɗe-littafi fari ya sauka a kan wayar taga. Malam ya hana ni motsi har ƙwaron ya tashi. Ya ce irin wannan a jikin gasaya yake yin ƙwai, ya soma yi mini darasi kamar ina gindin tsamiya. Na ce Malam, ni fa na zana kwalin. Ya ce ai shi ya sa yake maimaita mini.

Zoben hannunsa ya soma zamewa. Na cire na ɗaure a bakin zanena.

Talata, 31 ga Agusta, bayan Asuba

Ba daɗi.

Alhamis, 2 ga Satumba, bayan La'asar

Da sauƙi yau. Ya zauna, ya yi salla a zaune, ya yi wa Inno tsiya wai kununta ya fi allura zafi. Dikko zai je Argungu jibi ya ɗebo mana kaya. Malam ya ce ya tsaya a fili ya karyo masa reshen ɗoɗɗoya, yana son ƙanshin. Dikko akawu ne a sakatariya, bai san ɗoɗɗoya ba sai a miya. Na kwatanta masa ganyen.

Lahadi, 5 ga Satumba, da Magariba

Dikko ya dawo ɗazu, fuskarsa fal murna. Ya same mu a tsakar gida ni da Inno, tun bai ajiye jaka ba ya ce yana da albishir.

Jiya Asabar an yi wa Malam gayya.

Baba Tamba ne ya kira ta. Ya bi gida-gida ya ce ɗan amininsa na kwance, gonarsa ta zama daji, duk mai wucewa yana nunawa, bai kamata a zuba ido ba. Majiya ƙarfi suka fito tun da sassafe da fartanyoyi, har da makaɗi. Mata suka dama fura suka kai. Kafin Azahar sun nome filin tas, sun tara ciyawar tsibi-tsibi. Dikko ya ce in ka gani kamar an share tsakar gida.

Inno ta ɗaga hannu tana sa musu albarka tana hawaye. Ta ce ashe ɗanta yana da mutane.

Na ce amin. Na tashi na ɗauki buta na zagaya baya, na daɗe a can.

Ɗoɗɗoyar kuwa Dikko ya ce bai samu ba.

Litinin, 6 ga Satumba, da hantsi

Ya tambayi ɗoɗɗoya. Na ce Dikko ya manta. Ya tambayi fili. Na ce lafiya lau.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

Haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji wa ba. Ina ta cewa a raina Baba Tamba da gangan ya yi, ya ga mai wurin ba ya nan ya raba shinkafarsa da jan-baki. In na faɗi haka sai in ji sanyi kaɗan. Amma na san tsohon nan. Shi ya yanka ragon sunan Malam da hannunsa. Mugunta ba ta zuwa da makaɗi da fura.

Na roƙi Dikko da Inno kada su faɗa masa. Inno ta kalle ni kamar na zautu. Ta ce yaushe aka fara ɓoye wa marar lafiya alheri? Na yi mata bayani iya yina. Ta ce to, amma ita dai ba ta taɓa jin inda noma ya ɓata gona ba.

Shekara uku yana magana a gindin tsamiya. Ko uwar da ta haife shi ba ta ji ba.

Laraba, 8 ga Satumba, bayan Azahar

Ya tambayi fili. Na ce lafiya lau. Ya ce yanzu tafasa ta fara ɗaure 'ya'ya, gamba kuwa sai nan gaba kaɗan. Na ce haka ne.

Likita ya kira Dikko waje. Ni bai kira ni ba.

Alhamis, 9 ga Satumba, da yamma

Sun zo dubiya. Baba Tamba da dattawa uku, a bayan motar shinkafa suka zo, da kaza da ƙwaryar zuma. Ina wanke kofi a famfo na hango su sun riga sun shiga. Na yar da kofin na bi su da sauri, amma kafin in iso an gama gaisuwa, Baba Tamba ya jawo kujera ya kama hannun Malam.

Ya ce, “Kalilu, kwantar da hankalinka. Gonag ga taka mun ruhe maka asiri. Ko tsinke ba mu bari ba. Kai dai ka ji da jikinka.”

Malam ya dube shi. Sannan ya dube ni. Ni kuwa ƙasa na duba.

Malam ya juya ga dattawan. Sai ya tambaya su wa da wa suka fito. Baba Tamba ya shiga lissafo masa gidaje, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna. Malam yana ji yana gyaɗa kai. Da aka gama ya yi musu godiya, ya yi addu'a doguwa, muryarsa na yankewa, ya ce Allah ya saka, Allah ya bar zumunci. Ban ji ƙarya a cikin addu'ar ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Suna shirin tashi ya ce, “Baba, hakin da anka tara, an sa mai wuta?”

Baba Tamba ya ce tukuna, ruwa ya hana shi bushewa, amma jibi Asabar in rana ta yi za su ƙone shi, a bar masa wuri fes.

Da suka fita na zauna ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya ce in ba shi zumar ya lasa.

Jumma'a, 10 ga Satumba, bayan Asuba

Mun yi rigima, irin wadda ake yi ƙasa-ƙasa don kada maƙwabcin gado ya ji.

Yana so in je Argungu in hana su ƙonawa. Ya ce fartanya ba ta kashe gamba, saiwarta na nan, wasu ma suna cikin tsibin da ƙasarsu. Tafasa da kyasuwa akwai waɗanda irinsu ya soma ƙosawa. Akwai tsutsotsi da ƙwai manne a ganye. In aka baza tsibin a kan filin, aka mayar da saiwoyi ƙasa, ruwan ƙarshen damina zai yi sauran aikin. In aka sa wuta kuwa, shi ke nan, sai a koma farko, kuma ya ce shi ba ya jin...

Ban bar shi ya ƙarasa ba.

Na ce me ya hana shi faɗa musu jiya da bakinsa? Ya ce tsoho ya hau bayan mota ya zo da kazarsa, a gaban tsaransa za a ce masa ɓarna ya yi? Na ce a tura Dikko. Ya ce Dikko zai je ya yi musu Turanci, su ƙone don haushi. Na ce ni ba inda za ni, ba ciyawa na aura ba.

Ya ce, “Laure, ke kaɗai kinka san abin da ag ga hilin nan. Tahi ki dawo, ina nan.”

Na ce sai ya rantse yana nan. Ya ce in daina saɓo.

Jumma'a, bayan La'asar

Ban yi masa magana ba tun safe, sai dai in miƙa masa ruwa. Shi ma bai tambayi fili ba. Rashin tambayar ta fi tambayar ciwo.

Gobe zan je. Inno za ta zauna da shi.

Asabar, 11 ga Satumba, da Magariba, Argungu

Na sami mota da ƙyar. Daga tasha na hau kabu-kabu kai tsaye zuwa gidan Baba Tamba, ban ko leƙa namu ba. Na same shi a zaure yana ɗaure wani tsumma a bakin kara, ga kwalbar kananzir a gefe.

Na durƙusa na gaishe shi. Duk hanya ina shirya yadda zan lallaɓa maganar, in kewaya, in fara da godiya. Na yi godiyar. Kewayen ne ya gagara. Sai kawai na ce Baba, ciyawar nan da kuka nome, ita ce shukar. Da hannunsa ya watsa ta. Ita yake jira ta yi iri ya raba muku.

Ya ajiye karan. Ya ce ai ya sha jin Kalilu na faɗin haka a gindin tsamiya. Na ce to?

Ya ce, “Wai da gaske shikai? Mu mun aza aikin gwamnati ne yah hana mai noma, kunya tas sa shina kawo zancen zuma. Mun ce mu ƙyale yaro da zancenai, kar mu tona shi.”

Shekara uku suna zama suna sauraronsa don kada su kunyata shi. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya tambaya ko Kalilu ya san haka lokacin da yake yi musu addu'a. Na ce ya sani. Tsohon ya juya fuskarsa bango. Ban taɓa ganin haka ba, na kawar da kaina.

Da ya juyo sai ya ce mi akai yanzu. Na faɗa masa. Ya saka hularsa ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba.

Ban san abin da ya gaya musu ba, amma kafin Azahar mutane sun taru, ba su kai na farko ba in ji su, amma sun isa. Sai a lokacin na ga filin. Ƙasa ja, tsirara, da tsibi-tsibi kamar kaburbura. Wannan kalmar ce ta zo mini, na yi ta korarta.

Na nuna musu gindin gamba, na ce duk wanda aka gani da saiwa a tona a mayar a taka. Sauran a baza, kada a yi kauri. Suka kama aiki, manyan manoma suna dasa ciyawa. Masu wucewa a hanya suka tsaya kallo, wani a kan keke ya tambaya ko aljanu ne suka sa su. Baba Tamba ya ce masa ya sauko ya kama ko ya wuce. Ya sauko kuwa. Makaɗin ya zo, ya tsaya da gangarsa ya ce shi bai san kiɗan mayar da haki ba. Aka yi dariya, har da ni.

A ƙarƙashin wani tsibi na sami reshen tumfafiya da tsutsa mai zane a jiki, da ranta. Na zagaya da ita na nuna wa kowa, na ce wannan ce ke zama malam-buɗe-littafi mai ruwan goro. Wani ya ce ai Malam ya faɗa. Na ce to yau ga ta. Suka matso suna kallo kamar ba a gonakinsu aka haife ta ba.

Mun tashi bayan La'asar. Na koma tasha, babu mota ko ɗaya, direbobi duk suna layin mai. An ce sai gobe da sassafe.

Na sami ɗoɗɗoya guda a bakin iyaka, fartanya ta tsallake ta. Na sa ta a kofi da ruwa. Ina ɗokin in ga fuskarsa in na ba shi labarin makaɗin.

Lahadi, 12 ga Satumba, bayan Azahar

Na iso da hantsi. Gadon kusa da taga an naɗe katifarsa.

Inno ta ce da Asuba ne, kuma bai wahala ba.

Laraba, 15 ga Satumba

Mutane. Tabarmi. Sannu, sannu.

Lahadi, 19 ga Satumba, da hantsi, Argungu

Mun dawo gida, a nan zan yi takaba. Inno na tare da ni.

Jiya na tambaye ta ko ya neme ni. Ta ce da yammacin Asabar ya sa ta leƙa taga ta gaya masa ko akwai hadari ta wajen Argungu. Ta ce akwai. Ya ce to madalla, Laure ta yi sa'a. Bai ƙara tambayar komai ba.

Ina jin haushinsa. Ya ce yana nan. Na rubuta don ba wanda zan iya faɗa wa.

Alhamis, 23 ga Satumba, bayan Asuba

An yi ruwa mai yawa.

Talata, 28 ga Satumba, da yamma

An ƙara ruwa. Ɗoɗɗoyar kofi ta yi saiwa, Inno ta dasa ta kusa da randa. Ta ce ko ba komai a sa a miya. Na ce kada wanda ya taɓa ta. Ta ce to, ta ji.

Zoben yana nan a bakin zanena. Kullum in na zo wanki sai in kwance in ɗaure a wani.

Asabar, 9 ga Oktoba, bayan La'asar

Baba Tamba ya yi sallama. Ya tsaya a zaure, ni ina daga bayan ƙofa, Inno na tsakani.

Ya ce ya zo ne ya ba ni labarin gona. Gamba ta tofo, ba duka ba, amma da yawa. Yaɗiya ta miƙe. Tafasa ƙanana sun rufe ƙasa ta gefen gabas. Ya sare ƙaya ya kewaye wurin saboda awaki. Iri dai bana ba za a samu na rabo ba, ya ce ya sani, sai baɗi in da rai. Akwai wani tsiro kuma da bai gane ba, ya bazu ta wajen iyakarsa, yana neman shiga shinkafa.

Ya ce, “Malama, wanga a cire shi ko a bar shi?”

Tsohon da ya fi shekara sittin yana noma. Na ce ya kwatanta mini ganyen. Ya kwatanta. Na ce gasaya ce, Baba, ai ka san ta. Ya ce ya san ta a miya da bakin bola, bai san ko tana cikin shukar ba. Na ce tana ciki, a bar ta.

Bai tafi ba. Ya yi ta gyaran murya. Can ya ce yau Asabar, mutane sun zauna a gindin tsamiya, ba wanda ya kira su, kuma ba mai magana. Ko kwalin nan yana kusa?

Yana bayan akwati inda Malam ya jingine shi. Na ɗauko na kakkaɓe na ba Inno ta miƙa masa. Na ji shi yana juya shi. Ya ce har yanzu dai zumar nan fara ce. Na ce in na fita takaba zan sake zanawa. Ya ce a'a, a bar ta haka, sun saba da ita.

Asabar ɗin dai, da Magariba

Yau ma ba wanda ya tambaye ni fili.

Lafiya lau, Malam. Wannan karon da gaske.